Tambaya da Amsa: Fim ɗin masu gadin iyakar Rasha, gaskiya ne ko shiri?

Tambaya: Malam barka da aiki. Na ci karo da wani tsohon fim na Rasha baƙi da fari mai suna Na granitse, an sa 1938 a jiki, yaren dai ban ji ko ɗigo ba amma na gane sojojin kan iyaka ne ke farautar ɗan leƙen asiri. Wai abin ya faru da gaske ne?

Amsa: Yauwa ɗan'uwa, sunan nan ma'anarsa "a kan iyaka", kamfanin Lenfilm na birnin Leningrad ne ya yi shi, Aleksandr Ivanov ya ba da umarni, Nikolai Kryuchkov shi ne kwamandan masu gadin. Labarin shiri ne, amma fa tsoron 'yan leƙen asirin Japan da ke cikinsa ba shiri ba ne. Japan ta mamaye yankin Manchuriya na arewa maso gabashin Sin a 1931, a 1932 ta kafa gwamnatin jeka-na-yi-ka mai suna Manchukuo, sai ga sojojinta sun zama maƙwabtan Tarayyar Sobiyet a can gabas mai nisa, kullum ana ɗauki-ba-daɗi a bakin iyaka, har a damunar 1938 ɗin nan aka gwabza sosai a tafkin Khasan, shekarar da ta biyo kuma a kogin Khalkhin Gol da ke Mongoliya.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa. Masu gadin iyakar nan a ƙarƙashin NKVD suke, wato 'yan sandan ciki na Stalin, shugaban Sobiyet na lokacin, kuma fim ɗin ya fito ne daidai lokacin da ake ta kwashe mutane da dare da sunan 'yan leƙen asiri ne. A 1937 kaɗai an tattara 'yan Koriya kusan 170,000 da ke zaune a wannan yankin, manoma da masunta da yaransu, aka cusa su a taragun jirgin ƙasa sai Kazakistan da Uzbekistan, wai don kada Japan ta samu masu kai mata rahoto. To ka ga mutumin da ya fito daga sinima ya ga yadda maƙiyi ke saje da mutanen gari, gobe in aka zo aka ɗauke maƙwabcinsa ai ba zai yi dogon bincike ba.

Ni dai na fi jin daɗin Erast Garin da ya fito a mugun, wallahi ya fi jaruman rai. In za ka sake kallo ka nemi wanda aka rubuta fassara a ƙasan allo.