Gidanmu Gidan Madugu ne, amma kakata tana maganin ƙuna: fatake ne mu ko maƙera?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni haifaffen zangon Kumasi ne. Ana kiran gidanmu Gidan Madugu, an kuma ce kakan mahaifina daga ƙasar Kano ya zo. Sai dai mahaifiyar babana takan yi wa yara tofi idan wuta ta ƙona su, tana cewa gadon gidansu ne. Wani ya ce mini wannan laƙanin maƙera ne. Shin kakanninmu fatake ne ko maƙera, kuma ta ina zan fara bincike?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya yi maka albarka da ka damu da sanin tushenka. A ganina duka biyun gaskiya ne, kana haɗa gidaje biyu ne wuri guda. Ka lura kakarka "gidansu" ta ce, wato gidan ubanta. Maƙera kuwa an san su da maganin wuta, kamar yadda aka san Sarkawa da cire ƙayar kifi idan ta maƙale a wuya. Mace takan tafi gidan aure da irin wannan gado, 'ya'yanta su tashi su gan shi su ɗauka na gidan ubansu ne. Sai ka raba binciken biyu: na uban kakarka daban, na kakan mahaifinka daban.

Maganar Madugu ita ce mai nauyi. Ba kowane falke ake kira madugu ba. Shi ne uban tafiya, mai shugabantar ayari, wanda ya san hanya da mashaya, yake sasantawa da sarakunan da za a ratsa ƙasarsu kan kuɗin fito. Yana da jagaba a gaba, da malamin ayari mai addu'a da rubutu. Ayarin Gwanja yakan tashi daga Kano ko Sakkwato da kanwa, baƙin rini, kayan dukanci, gabu da dabbobi, ya haye Kwara, ya bi ta Bargu har Salaga, babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja a arewacin Ghana ta yau, ya komo da goro a kan jakai. Zuwa da dawowa kan ci wata da watanni. Manyan wannan sana'a a ƙarni na 19 su ne Agalawa da Tokarawa, masu asali da ƙasar Azbin, sai Kambarin Barebari da suka yi ƙarfi a Gummi. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, Ba'agale ne, da goro ya fara. Don haka tambayar farko ga dattawanku: wane iri ne mu, wace tsaga kakanmu yake da ita, daga wane gari ko wace unguwa ya taso? "Ƙasar Kano" ta yi faɗi da yawa.

Sannan ka tambaya ko ya taɓa zama a Salaga. Bayan yaƙin basasar 1892 kasuwar Salaga ta watse, Hausawa suka bazu zuwa Kete-Krachi, Accra da sauran garuruwa, daga baya zangon Kumasi ya cika. Da jirgin ƙasa ya isa Kano wajen 1912, goro ya koma bin teku zuwa Ikko sannan dogo, tsofaffin madugai da yawa suka zauna suka zama masu masauki da dillalai. In aka ce kakanku yana saukar da baƙi a zaurensa, ka kama bakin zaren.

Akwai abin da zan faɗa maka tsakani da Allah, domin masu wannan bincike kan ci karo da shi. Wani lokaci sunan gida na maigida ne, amma a cikinsa akwai yaransa, da 'yan alaro masu ɗaukar kaya, da bayin da aka 'yanta, duk zuriyarsu na amsa sunan gidan. Idan bincikenka ya kai ka nan, kada ka ji an rage ka da komai, kada kuma ka gyara labarin don ya yi daɗin ji. Wanda ya ɗauki huhun goro a ka daga Gwanja zuwa Kano ya cancanci jikansa ya ambace shi da gaskiya.

Game da takardu, kada ka sa rai da yawa. Rahotannin haraji na zamanin Turawa da ke ma'ajiyar takardun tarihi ta Kaduna sukan ƙidaya masaƙa da marina da maƙera na gari, amma da wuya su kawo sunan talaka. Sun fi amfani bayan ka san garinku. Jami'ar Ghana a Legon tana da tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami, ciki har da na Alhaji Umaru na Kete-Krachi, Bakano da ya ga watsewar Salaga da idonsa. Amma abin da ya fi kusa da kai shi ne akwatin gidanku: wasiƙun ajami, takardar rabon gado, lissafin bashi a gefen littafi. Ka ɗauki hotonsu kafin gara ta ci, ka kai wa malamin da ya iya tsohon rubutu.

Ka fara da tsofaffin mata, gwaggonni da innoni, domin su suka riƙe kirarin gida da ake yi wa amarya ko jariri, kuma kirari yakan ambaci sana'a ƙarara. Ka zauna da kowace ita kaɗai, ka naɗi muryarta a waya da izininta, sannan ka gwada abin da suka faɗa. A ɓangaren kakarka kuwa, da zarar ka san garin ubanta, ka nemi gidan Sarkin Maƙeran garin ka ambaci sunansa, domin maƙera sun san zuriyar junansu.