Amsa ga 'yar uwar da ake bibiyar ƙanwarta a Kubwa

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Tun safe na karanta tambayarki na kasa wucewa. Kin ce ƙanwarki ta fasa auren wani shi kuma ya ƙi haƙura: kullum yana tsaye a bakin shagon ɗinkin da take aiki, in ta toshe lambarsa ya sayo wani layin, yanzu kuma ya ce ko ta dawo masa da duk abin da ya kashe ko ya watsa hotunanta. Kina tambaya ko akwai dokar da za ta kama shi tunda bai taɓa jikinta ba. Akwai, har guda biyu. 'Yar yayata ta ɗanɗani wannan ɗacin a nan Abuja, ni na riƙe hannunta har aka gama, shi ya sa na san su.

Kafin komai, ki karɓi wayarta yau ɗin nan ki hana ta goge ko saƙo ɗaya. Mu a nan muka tafka asara. Tamu yarinyar, saboda kunya da tsoro, duk saƙon da ya shigo da dare sai ta karanta, ta yi kuka, ta goge. Ranar da muka zauna gaban lauya ta ce a miƙo wayar, abin da ya rage bai wuce na mako biyu ba, alhali an yi wata biyar ana abu ɗaya. Ku ɗauki hoton kowane saƙo yadda lamba da rana da lokaci za su fito, ku adana saƙonnin murya, ku tura kwafi zuwa wata wayar. Ita wayar kada a sayar, kada a kai ta wurin masu gyara su share ta, domin sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 yana buƙatar bayani a rubuce kan na'urar da aka ciro hujjar kafin kotu ta karɓa. Sannan a sayi ɗan littafi: rana kaza, ƙarfe kaza, ya tsaya a gaban shago, wane ya gan shi. A tamu maganar, mai shayin bakin layi ne ya zama shaidarmu mafi ƙarfi, don a bencinsa mutumin yake zama daga magariba har bayan isha'i yana kallon ƙofar gida.

Doka ta farko ita ce ta hana cin zarafin mutane, wadda aka fi sani da VAPP, ta 2015. Sashe na 17 ya sa bibiya ta zama laifi mai zaman kansa. Yawan leƙe ko raɓewa kusa da gidan mutum, wurin aikinsa ko makarantarsa, ko bin sa da tare shi ta yadda zai shiga tsoro, duk bibiya ce. Hukuncin ɗauri ne da bai wuce shekara 2 ba, ko tarar da ba ta wuce naira 500,000 ba, ko duka biyun. Abokan da ke ba shi rahoton inda ta shiga da inda ta fita su ma doka ba ta bar su ba. Hukumar NAPTIP, mai yaƙi da fataucin mutane, ita ce ke kula da aiwatar da dokar a Birnin Tarayya, Babbar Kotun Abuja kuma ke sauraron ƙarar. Ki lura, da a Mararaba kuke, dokar jihar Nasarawa za a duba, amma Kubwa cikin Abuja take.

Abin da ya fi yi mana amfani a dokar nan shi ne umarnin kariya. Ba sai an gama shari'a ba, kotu tana iya hana shi kusantar gidanta da wurin aikinta ko tuntuɓarta, in ya karya kuma wani laifin ne daban. Daren da aka miƙa wa mai bibiyar tamu yarinyar takardar ne ta fara barcin kirki.

Ta biyu ita ce dokar laifukan intanet ta 2015, sashe na 24, kuma ta fi tsanani sosai. Saƙon da ya jefa mutum cikin tsoron kisa ko rauni yana iya jawo ɗaurin shekara 10, ko tarar aƙalla naira miliyan 25, ko duka. Barazanar ɓata suna don a tatsi kuɗi, irin wadda yake yi wa ƙanwarki, shekara 5 ce ko tarar aƙalla miliyan 15, ko duka. Wannan a Babbar Kotun Tarayya ake yin ta, kuma 'yan sanda suna da cibiyar laifukan intanet a nan Abuja. Wannan sashe ya sha suka, domin an riƙa kama 'yan jarida da masu sukar gwamnati da shi, har kotun ECOWAS ta ce a 2020 ya tauye 'yancin faɗar albarkacin baki, aka kuma gyara farkonsa a 2024. Don haka zagi kawai ko saƙo mai ɓata rai ya yi wuyar kamawa yanzu. Barazanar ce ke da nauyi, ita za ku sa a gaba.

Ki kuma shirya wa abin da lauyansa zai faɗa, don mutum yana da haƙƙin kare kansa, kuma mai ƙara ne zai kawo hujjar da ba ta bar kokwanto ba. Zai ce ba shi ke riƙe da layin ba. A nan rajistar layi da lambar NIN take taimakawa, kamfanonin waya kuma doka ta ɗora musu ajiye bayanan kira na shekara 2, sai dai in da sunan wani ya yi rajista, kalamansa da muryarsa ne za su tona shi. Zai ce hanyarsa ce ko sau ɗaya ya je, littafin nan ne amsarsa. Zai ce kuɗinsa yake bi. Mai bin haƙƙi kotu yake zuwa, ba a ba shi izinin tsare ƙofar mutane ba. Wanda ya fi ba mu wahala shi ne cewa ai tana amsa masa, soyayya ce ba tsoro ba. Tamu ta riƙa lallashinsa da "don Allah ka yi haƙuri" don ya ƙyale ta, sai ga shi an karanto su a matsayin hira. Ƙanwarki ta tura masa saƙo ɗaya a fili cewa kada ya sake tuntuɓarta ko zuwa inda take, daga nan ta kama bakinta. Kuma ki ja kunnen samarin gidanku, duka ɗaya ko zagi a Facebook ya isa ya juya maganar ta koma kanku.

Za a ce muku a rufa asiri, a bar wa manya. Mu ma mun yi zaman sulhu sau biyu, ya rantse a gaban kawunsa, bayan kwana huɗu ya dawo bencin mai shayi. Wurin farko da muka kai kuka ma cewa aka yi mu je mu sasanta, ai masoya ne. Idan haka ta faru da ku kada gwiwarku ta yi sanyi, ku rubuta koke ku kai NAPTIP, ko ku nemi ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, suna taimakawa kyauta. Kafin nan, ta daina tashi daga shago ita kaɗai, a sanar da mai shagon da maƙwabta, a nuna musu hotonsa. Allah ya kare ta, ya kawo muku ƙarshen abin cikin sauƙi.