Tambaya da Amsa: Imel Ɗina Ya Ƙi Buɗewa a Manhaja

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Samaru, Zariya. Gmail ɗina yana buɗewa a burauza (manhajar buɗe shafukan intanet), amma manhajojin imel na kwamfutata da wayata sun ƙi karɓar kalmar sirrina, alhali ban canza ta ba. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, tunda akwatin yana buɗewa a burauza, asusunka lafiya yake, matsalar tana tsakanin manhajar da kwamfutocin Google ne. Tun a 2022 kamfanin ya hana tsofaffin manhajoji shiga da kalmar sirri kaɗai, don haka ka cire asusun, ka sake saka shi ta zaɓin "Google", wanda zai kai ka shafin shiga na kamfanin. Idan manhajar ta tsufa sosai, sai ka kunna tantancewa mai mataki biyu a asusunka (wato ƙarin tabbaci bayan kalmar sirri, kamar lambar da ake turowa wayarka), sannan ka ƙirƙiri kalmar sirri ta manhaja mai haruffa 16, wadda za ka saka a manhajar a maimakon kalmar sirrinka ta kullum.

Idan da hannu ka saita, adireshin karɓar saƙo imap.gmail.com ne a mashiga (lambar "port") 993, na aikawa kuma smtp.gmail.com a 465 ko 587.

Abin da aka fi mantawa da shi, a ganina, shi ne agogo. Kwamfutar da ƙaramin batirin cikinta ya mutu takan koma tsohuwar shekara, kuma muddin kwanan wata bai daidaita ba, ba za ta amince da shaidar tsaron Google ba. Ka duba wannan kafin ka kai ta wurin mai gyara, kuma ko ka kai, kada ka ba shi kalmar sirrinka.