Fentin ƙaramar motar roba ya yi kaushi da hazo

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka fesa wa ƙaramar motarka ta roba ta kamfanin Tamiya mai sikeli 1/24 (wato motar gaske ta ninka ta sau 24 a tsawo) fenti a baranda a Jidda, sai jikinta ya yi kaushi kamar ɓawon lemo, ga farin hazo a kai.

Hazon daga laimar teku ne. Fentin gwangwani yana sanyaya jikin robar, sai danshin iska ya sauka ya maƙale cikinsa. Kaushin kuma zafi ne: fentin yana fara bushewa a iska kafin ya isa jikin motar, balle idan ka nesanta gwangwanin. Tazarar santimita 20 ta isa. Fara da feshi mara kauri sau biyu, ka bar minti goma tsakaninsu, sannan na ƙarshe mai ɗan jiƙa. Ka guji ranakun da laima ta yi yawa.

Kada ka yi gaggawar goge wanda ya lalace. Bar shi ya yi sati guda, ka jiƙa samfefa mai lamba 2000 ka bi a hankali, ka kiyayi gefuna don nan fenti ya fi saurin cinyewa, sannan ka sa man gogewa.

Don Allah kada ka taɓa ta da tinar masu fentin mota (ruwan da suke tsinka fenti da shi), narkar da robar zai yi. Kada kuma ka ɗora fentin lacquer (mai kaifin sinadari) a kan fentin inamel (mai mai), zai yamutse.

Ka sa takunkumi mai tace tururin sinadari. Idan ƙirjinka ya riƙe bayan feshi, ka je wurin likita.