Jarrabawar Scrum Master: wace takarda zan nema, me zan karanta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Ina aiki a wani ƙaramin kamfanin haɗa manhaja a Kaduna, mu takwas ne a tawagarmu. Ni ce nake shirya taronmu na safe, ni nake raba wa kowa aikinsa, sannan da yamma in rubuta wa oga rahoton abin da aka yi. Ina son in samu takardar shaidar mai sauƙaƙa aikin tawaga a tsarin Agile, wato tsarin gina manhaja kaɗan-kaɗan ana gyarawa a tafe, ko Allah zai sa in dace da aikin da ake yi daga gida. Da na duba intanet sai na ga PSM, na ga CSM, na ga ICP-ATF, kaina ya ɗaure. Wacce ta fi dacewa da ni, kuma yaya zan shirya? Wata biyu na ware wa abin.
Wata mai karatu, Kaduna

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba da sa'a. Scrum ɗaya ne daga hanyoyin aiki da Agile, Scrum Master kuwa shi ne mai taimaka wa tawaga bin wannan hanya. Wata biyu ya isa har da saura, amma akwai wani abu a cikin tambayarki da zai iya kayar da ke fiye da rashin karatu, zan zo kansa bayan mun raba waɗannan takardun.

ICP-ATF, takardar Agile Team Facilitation, wato sauƙaƙa aikin tawaga, ta ƙungiyar ICAgile ce, kuma ita ce sunanta ya fi dacewa da abin da kika rubuta. Sai dai hanyar samunta ita ce shiga ajin da ƙungiyar ta amince da shi, ki halarta, ki yi ayyukan ajin, malami ya tabbatar da ke. CSM, wato Certified ScrumMaster, ta ƙungiyar Scrum Alliance ce: dole sai kin yi kwas na kwana biyu da malamin da suka tantance kafin a buɗe miki jarrabawa mai tambaya 50 cikin awa guda, a ci da 37. Ana sabunta ta duk bayan shekara biyu, da kuɗi. PSM I kuwa, wato matakin farko na Professional Scrum Master, ta Scrum.org ce, wadda Ken Schwaber, ɗaya daga waɗanda suka ƙirƙiro Scrum, ya kafa a 2009. Ba a tilasta miki shiga aji, ki biya kuɗin jarrabawa kawai, dala 200 a kowane zama, kuma idan kin ci, takardar ba ta ƙarewa. Tambaya 80 ne cikin minti 60, makin ci kashi 85 cikin ɗari. Wato sai kin amsa 68 daidai, 12 kaɗai aka yafe miki.

Idan kamfaninku ne zai biya, ki karɓi CSM hannu bibbiyu, don kwana biyun nan da malami mai gogewa suna da daraja. Idan kuwa daga aljihunki ne, kamar yadda nake zato, PSM I nake ba ki shawara. Ta fi arha nesa ba kusa ba, ta fi wuya, kuma masu ɗaukar ma'aikata da suka san harkar sun san haka. ICP-ATF ki bar ta sai gaba, lokacin da kika riga kika jagoranci taruka da dama, a nan ne za ki fi cin moriyarta.

Yanzu ga abin da na ce zai iya kayar da ke. Kin ce ke kike raba aiki, ke kike kai wa oga rahoto. A ofis wannan ƙoƙari ne, a jarrabawar PSM I kuwa duk amsar da ta yi kama da wannan kuskure ce. Jarrabawar ba ta tambayar yadda ake yi a kamfaninku. Tana tambayar abin da ke cikin Scrum Guide, ɗan kundin da Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka rubuta, wanda bugunsa na Nuwamba 2020 shafi 13 ne kacal, kuma kyauta ake sauke shi. A cikinsa Scrum Master ba shugaban ma'aikata ba ne, ba sakatare ba ne, ba ɗan aike tsakanin tawaga da manaja ba ne. Masu gina kayan su ke yanke wa kansu wa zai yi me, yaushe, ta yaya. Taron safen da kike shiryawa, na minti 15 ɗin nan, nasu ne, don su duba ko suna tunkarar burin zangon aikin, su gyara shirin ranar. Aikin Scrum Master shi ne ya tabbatar ana yin taron kuma ba ya wuce lokacinsa, ba dole ma sai ya tsaya a ciki ba.

Bari in ƙago miki tambaya irin salon da suke yi, ki ga inda tarkon yake. An kai tsakiyar Sprint, wato zangon aiki, sai masu gini suka fahimci sun ɗebo fiye da ƙarfinsu. Me ya kamata a yi? Zaɓi na farko: Scrum Master ya ƙara kwana uku a zangon. Na biyu: ya sanar da manaja don a kawo ƙarin ma'aikata. Na uku: ya cire wasu ayyuka da kansa. Na huɗu: masu gini su zauna da Product Owner, mai alhakin kayan, su daidaita yawan aikin ba tare da an taɓa burin zangon ba. Wanda ya saba ofis hannunsa zai tafi kan na biyu ko na uku, don su suka yi kama da mutum mai himma. Amsar ita ce ta huɗu. Ba a tsawaita zango, ba a tsallake mai alhakin kaya, kuma Scrum Master ba ya karɓe shawarar da ba tasa ba. Da yawa daga tambayoyin haka suke, riga kawai ake canza musu. Duk lokacin da kika ga zaɓin da ya mai da Scrum Master gwarzon da ya zo ya warware komai da hannunsa, ki yi masa kallon tuhuma.

Akwai ɓangaren hadda, shi ba ya buƙatar dogon bayani. Tawaga galibi mutum 10 ko ƙasa da haka. Zango wata ɗaya ko ƙasa, kuma sabo yana farawa da zarar wancan ya ƙare, babu hutu a tsakani. A zangon wata guda, taron tsarawa ba ya wuce awa 8, taron duba kayan da aka gina awa 4, taron waiwaye awa 3. Mai alhakin kaya kaɗai ke da ikon soke zango. Aikin da bai cika ma'aunin kammalawa ba, ba a nuna shi a taron dubawa, komawa yake cikin babban jerin ayyuka. Ko da tawaga biyar ke aiki a kan kaya ɗaya, mai alhakin kaya ɗaya ne, jerin ayyuka ɗaya ne.

Ki lura kuma da abin da babu shi a kundin. Ƙidayar maki da ake ba wa ayyuka, auna saurin tawaga, allon manhajar bin diddigin ayyuka ta Jira, zangon sifili da wasu kamfanoni ke yi kafin a fara, duk waɗannan Scrum bai wajabta su ba. Ana iya amfani da wasunsu, amma idan tambaya ta ce dole ne, to ƙarya ce. Wannan ya kai ni ga gargaɗi game da tarin tambayoyin da ake yaɗawa a WhatsApp da Telegram. Ban da cewa wasu amsoshin kuskure ne tsagwaronsa, da yawansu a kan bugun 2017 aka gina su. Alamar gane tsohon abu mai sauƙi ce: idan kin ga an ce masu gini daga 3 zuwa 9 ne, ko an ce dole a amsa tambayoyi uku a taron safe, me na yi jiya, me zan yi yau, me ya tare ni, ki rufe ki yi gaba. Bugun 2020 ya cire su.

Ga yadda zan raba wata biyun da ni ne ke. Makon farko da na biyu ki buga kundin a takarda, ki karanta shi da biro a hannu, a hankali, kina ja wa kalmomin wajibi layi daban, na zaɓi daban, don a nan jarrabawar ke ɓuya. Ki haɗa da sanarwar Agile ta Fabrairu 2001, wadda mutum 17 suka rubuta a Snowbird ta jihar Utah a Amurka. Manyan manufofi 4 ne da ƙa'idoji 12, shafi biyu ba su cika ba. Daga nan ki shiga gwajin kyauta na Scrum Open a shafin Scrum.org, tambaya 30 cikin minti 30. Ki yi ta maimaitawa har ki riƙa cin duka a jere, sannan ki gwada na Product Owner Open, domin jarrabawar tana yawan leƙa aikin mai alhakin kaya. Duk tambayar da kika faɗi, kada ki haddace amsar, ki koma kundin ki nemo jimlar da ta haifar da ita. Wanda ya haddace gwajin kyauta kawai yakan sha mamaki, don tambayoyin gaske sun fi shi tsawo da murɗiya.

Sauran makonnin ki mai da ofishinku ɗakin gwaji, tunda kina da tawaga a hannu, abin da masu shirin jarrabawar da yawa ba su da shi. Gobe da safe ki ƙi raba aiki, ki tambaye su yaya suke ganin za a cimma burin makon, ki yi shiru. Shirun zai yi nauyi, ki daure. A taron waiwaye kuma za ki ci karo da abin da duk muka sani: ƙaramin ma'aikaci ba ya buɗe baki ya ce tsarin babba ne ya jawo jinkiri, musamman idan oga na zaune. Kunya ce da ladabi, ba rashin ra'ayi ba. Akwai dabarar da ake kira 1-2-4-All daga tarin dabarun gudanar da taro na Liberating Structures: kowa ya rubuta tunaninsa shi kaɗai minti ɗaya, su tattauna bibbiyu minti biyu, hurhuɗu minti huɗu, sannan kowane rukuni ya faɗi abu guda a gaban kowa. Kafin magana ta iso bainar jama'a ta riga ta zama ta rukuni, ba wanda za a nuna wa yatsa. Ku takwas ne, rukuni biyu ke nan, minti 12 sun ishe ku. Jarrabawa ba za ta tambaye ki wannan dabarar ba, amma mai yi miki intabiyu zai so jin yadda kika sa masu shiru suka yi magana, kuma takarda ita kaɗai ba ta amsa wannan.

Rahoton oga kuwa kada ki yanke shi farat ɗaya ki jawo wa kanki matsala. Ki gayyace shi taron duba kaya a ƙarshen zango ya ga manhajar tana aiki da idonsa, ki buɗe masa jerin ayyukan ya riƙa leƙawa duk lokacin da ya so. A hankali buƙatar rahoton yamma za ta ragu.

Ranar jarrabawa, lissafin shi ne daƙiƙa 45 kowace tambaya, kuma da Turanci za ki yi ta. Babu mai gadi a kanki, amma kada hakan ya ruɗe ki, ba za ki samu lokacin bincike ba. Wasu tambayoyin suna neman amsa biyu ko uku, ki duba adadin da aka nema kafin ki danna. Wadda ta tsaya miki ki yi mata alama ki wuce, ki dawo mata a ƙarshe. Tun da wuri ki gwada ko katin bankinki na biyan dala, don ba kowane katin naira ke wucewa ba. Lambar shiga da za su turo miki bayan biya ba ta lalacewa, saboda haka za ki iya saya yau ki zauna bayan wata guda. Ki cika cajin kwamfuta, ki ajiye layin waya na biyu da data a gefe, ki zaɓi lokacin da sabis ya fi ƙarfi a unguwarku, wanda a wurare da dama bayan sallar asuba ne. Agogon jarrabawar ba ya tsayawa don an ɗauke wuta.