Ba kowace i7 ce jaruma ba: zaɓen firosesa don kwamfutar gem

Tambaya: Assalamu alaikum. Daga wani ƙauye nake a bayan Ringim. Na sayar da riɗina, ina son sa kwamfutar buga ƙwallo da GTA V a shagona. Wani mai shago a Kano ya nuna min wata mai Core i7 da araha, ya ce babu gem ɗin da zai gagare ta. Da sola da janareta muke aiki. In saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ƙanena, bar kuɗin nan a aljihu tukuna. i7 sunan ajin firosesa ne kawai, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta; koma ka tambaye shi lambar da ke bin bayan i7 ɗin, don a can maganar take. In ya ce maka i7-3770, to lambar 3 ta farkon nan zubi na uku take nufi, wanda Intel ya fitar tun 2012. Sunan babba ne, amma tsohon doki ne. Ƙaramar i3-12100F ta 2022, wadda ita ma kawunan aiki (sassan firosesa da ke raba aikin) 4 gare ta, za ta tsere mata fintinkau. Ga kuma wata matsalar: Windows 11 a hukumance daga zubi na 8 na Intel yake farawa, shi kuwa Windows 10 Microsoft ya janye masa tallafi tun Oktoban 2025.

Ni dai da kuɗina ne, tsakanin biyu zan zaɓa: Core i5-12400F ko Ryzen 5 5600 ta AMD. Kowacce kawunan aiki 6, wuta wat 65 a ƙa'ida, kuma akwai madabod (babban faifan da ake dasa firosesa a kai) masu sauƙin kuɗi da ke ɗaukar su da RAM na DDR4. Sauran kuɗin ka zuba shi a katin hoto, wato na'urar da ke sarrafa hoton da ke fita a allo, don a gem shi ne ke ɗaukar kaya mafi nauyi. Sau da yawa nakan ga matasa sun ƙarar da jarinsu a kan firosesa, sai a kunna wasa 'yan ƙwallo suna tafiya kamar masu ciwon ƙafa.

Kula da haruffan ƙarshe. F na nufin ba ta fitar da hoto da kanta. In ba kati, baƙin allo za ka gani. Ita ma 5600 haka take. In kuɗin kati bai samu ba yanzu, Ryzen 5 5600G na da nata hoton a ciki, za ta lallaɓa da GTA V a ƙaramin saiti kafin kaka mai zuwa. Masu K kuwa, wato waɗanda ake iya ƙara wa gudu, ka bar wa 'yan birni. Irin su i9-13900K kan zuƙi wat 253 in aiki ya yi tsanani, inbatarka sai ta yi ta kuka.

Sai zafi. A watan Afrilu, ƙarƙashin rufin kwano, ka fi ni sanin yadda shago yake da azahar. Firosesa in ta ɗau zafi da kanta take rage gudu, wasa ya fara sarƙewa, yara su ce a mayar musu da kuɗinsu. Ɗaga akwatin daga ƙasa, ɗora shi kan tebur, ka riƙa hure ƙurar hunturu daga fanka, kuma a shafa sabon man sanyi tsakanin firosesa da ƙarfen da ke kanta ranar haɗawa.

Ranar da za ka saya, ko a Farm Centre ne ko titin Beirut, kada ka yarda da sitikar da ke jikin akwati. A kunna a gabanka, a buɗe Task Manager, manhajar Windows da ke nuna sunan firosesa, ka karanta lambar da idonka, sannan a bar gem yana gudu kamar rabin awa kafin ka ƙirga kuɗi.