Hajiya, Kafin Ki Zuba Jarinki a Cibiyar Yara Masu Hazaƙa

Wata 'yar kasuwa ce ta aiko da wannan tambaya, ga ta a taƙaice: "Malam, na tara ɗan jari daga saye da sayarwa, ina so in buɗe cibiyar ƙarin karatu ta yaran firamare masu hazaƙa, su riƙa zuwa bayan an tashi makaranta da kuma ƙarshen mako. 'Yata ce ta sa mini wannan tunani. Tana aji uku, takan gama aikin aji kafin kowa, sai ta zauna tana hamma. Shirina shi ne in kama hayar wuri babba, in sayi kwamfuta ashirin da kayan haɗa mutum-mutumi, in yi jarrabawar auna ƙwaƙwalwa in ɗauki waɗanda suka fi kowa. Akwai riba? Ta ina zan fara?"

Hajiya, Allah ya sa albarka a wannan niyya. Akwai riba, kuma buƙatar ta gaskiya ce. Hammar da 'yarki take yi masana ilimi sun daɗe da auna ta: a 1993 Sally Reis da abokan aikinta na Jami'ar Connecticut a Amurka sun gano cewa malamai na iya cire kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na darussan da aka saba yi wa irin waɗannan yara, don sun riga sun iya su, kuma sakamakonsu na jarrabawa bai faɗi ba. Kenan akwai yaran da kusan rabin zamansu a aji jira ne kawai. Duk uwar da ta lura da haka za ta nemi mafita, wasu kuma za su biya. Sai dai yadda kika tsara abin, kin ɗora kuɗinki a kan wuri da na'ura, alhali ribar wannan sana'a tana wuyan malami ne.

Mu fara ƙirga masu saye, kamar yadda kike yi kafin ki yi sarin kaya. Rahoton Marland da aka miƙa wa majalisar dokokin Amurka a 1972 ya ƙiyasta cewa masu hazaƙa ta musamman sun kai aƙalla kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na ɗalibai. Idan makarantun da ke kewaye da ke suna da yara dubu, kina maganar yara 30 zuwa 50 ke nan. Cire waɗanda iyayensu ba su da halin biya. Cire waɗanda gidansu ya yi nisa, da waɗanda ba su da mai kawo su da yamma. Abin da ya rage ba zai cika kujera ashirin a kowane zango ba, balle ya riƙe hayar wuri babba.

Jarrabawar ƙofa kuma, ban da ƙuntata kasuwa, tana kuskure. A 1921 Lewis Terman na Jami'ar Stanford ya zaɓi yara sama da 1,500 a Kalifoniya da irin wannan jarrabawa, aka bi rayuwarsu shekaru da dama. Cikin yaran da aka gwada ba a ɗauka ba akwai William Shockley da Luis Alvarez. Na farkon ya ci kyautar Nobel a kimiyyar fiziks a 1956, na biyun a 1968, a cikin waɗanda aka zaɓa kuwa babu wanda ya ci. Ki ƙara da cewa gwajin ƙwaƙwalwa na gaske aikin ƙwararre ne mai lasisi, yana zama da yaro ɗaya bayan ɗaya. Takardar da aka sauko da ita daga intanet ba za ta gaya miki komai ba, sai dai ta haɗa ki faɗa da iyayen da kika ce wa ɗansu bai kai ba. Uwar da aka mayar da ɗanta daga bakin ƙofa ba ta yin shiru, kuma ita ce maƙwabciyar kwastomarki ta gobe.

Abin da na fi so ki duba shi ne tsarin Joseph Renzulli, wani masanin ilimi na Amurka. A 1978 ya bayyana hazaƙa a matsayin haɗuwar abu uku: basira sama da ta tsaka-tsaki, naci a kan aiki, da ƙirƙira. Biyun ƙarshe ba sa fitowa a takardar jarrabawa, sai an ba yaro aiki an zuba masa ido. Tsarinsa na 1977 kuma hawa uku ne. A hawan farko ana buɗe wa yara ido da abubuwan da ba sa cikin manhaja, taurari, ƙwari, gine-gine, lambobi. A na biyu ana koya musu dabarun bincike da tunani. A na uku yaro ko ƙaramar ƙungiya su ɗauki matsala ta gaske su bi ta har su fitar da wani abu da za a nuna wa mutane. Ni da idon kasuwa nake kallon wannan tsari, kuma ya yi mini daidai: hawan farko ƙofa ce a buɗe ga duk yaron da ke da ƙishirwa, nan ne yawan kwastoma yake, daga cikinsu ne masu naci za su fito da kansu su hau na uku, inda ajin yake ƙarami, kuɗin kuma ya fi.

Bari in gaya miki abin da na gani da idona a wata ƙaramar cibiya da na taɓa duba wa lissafi. Malamar ba ta da komai sai allo da farar takarda. Ta tambayi yara takwas: mutum goma sun haɗu, kowa ya gaisa da kowa sau ɗaya, gaisuwa nawa aka yi? Yaro ɗaya ya ce ɗari, ta ce ya nuna mata. Wata yarinya 'yar shekara takwas ta ɗiga ɗigo goma a takarda ta fara ja musu layi, ta ruɗe, ta yaga, ta koma ta fara da mutum uku, sannan huɗu, sannan biyar. Can sai ta ɗago kai ta ce, "Tara da takwas da bakwai ne, har ƙasa." Ta samu 45. Ba ta ajiye fensir ba, ta ce to idan mutum ɗari ne fa? Mahaifinta ya zo ɗaukarta ta ƙi tashi sai da ta kai 4,950. Wannan mutum bai taɓa neman ragi ba, ya kuma kawo 'ya'yan abokansa biyu. Malamar da ta iya haƙurin barin yarinya ta yaga takarda ba ta faɗa mata amsa ba, ita ce hajar da ake saye a wurin.

Saboda haka ki nemi malami kafin ki nemi ɗaki. Kada ki tsaya a takardun shaida. Ki tara yara biyar, har da 'yarki, ki ba shi awa ɗaya ki zauna a baya. Ki ƙirga wa ya fi magana, shi ko yaran. Ki ga yadda fuskarsa take idan yaro ya yi tambayar da bai san amsarta ba. In kin dace da na kirki, ki biya shi sama da abin da zai samu a wani wuri, ki kuma ɗaura masa wani kaso a kan yaran da suka sake rajista. Ranar da ya tafi, iyaye shi za su bi, don haka tun a shekarar farko ki sa a riƙa rubuta darussan a ajiye da sunan cibiya, ki kuma fara renon na biyu a ƙarƙashinsa.

Yanzu lissafi. Wannan misali ne kawai, ki sa naki alƙaluman. A ce aji ɗaya yara takwas ne, kuɗin kowane yaro kaso ɗaya. Malami ya ci kaso huɗu, wuri ɗaya, kayan aiki da sauran hidima ɗaya. Yaro na shida ne ya fitar da ke daga asara, na bakwai da na takwas su ne ribarki. Biyu suka daina zuwa, kin yi wa malami da mai gida aiki. Kuma kujerar da babu yaro a kanta ta fi kwantai muni, domin kwantai kina iya karya farashi ki sayar gobe, awar da ta wuce kuwa ta wuce. Shi ya sa nake cewa ki karɓi kuɗin zango gaba ɗaya tun farko, ko a biya kashi biyu da ranaku a rubuce. Biyan kullum-kullum yana kashe irin wannan sana'a. Kada kuma ki ce za ki cusa yara goma sha biyar don riba ta ƙaru. Iyaye sun biya ne don a guje wa cunkoson da ya sa ɗansu hamma.

Kwamfuta ashirin ɗin nan ki haƙura da su tukuna. Na taɓa ba wani shawara bayan ya riga ya kashe fiye da rabin jarinsa a kan na'urori. Cikin shekara biyu wasu sun lalace, sauran sun tsufa, albashin malami ya gagare shi, ya rufe. Huɗu ko biyar sun ishe ki, yara biyu a kan kowace, don musun da suke yi a tsakaninsu ma karatu ne. Manhajar Scratch da jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007 don koya wa yara tsara umarnin kwamfuta kyauta ce. Wuri kuma, ki nemi makarantar da ajujuwanta ke zama a rufe da yamma ki biya da awa. Kuɗin da ya rage ki ware na gudanarwa na wata shida, kada ki taɓa shi.

Sai batun allon talla. Ina roƙonki kada ki rubuta cewa nan ne wurin yara masu baiwa, kada kuma ki yi alkawarin ɗan wani zai zama gwani. A 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck sun nuna cewa yaran da aka yaba wa da "kana da ƙwaƙwalwa" sun fi gudun aiki mai wuya, sun kuma fi saurin karaya idan suka faɗi, a kan waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu. Sunan da ke faranta ran iyaye yana iya zama kaya a kan yaro ɗan shekara bakwai. Ki faɗi abin da ake yi a ciki: lissafi mai zurfi, gwaje-gwaje, rubutu, bincike. A ƙarshen zango ki kira iyaye yaran su nuna aikin hannunsu, gani ya kori ji.

Abu ɗaya kuma da yake a raina sosai. Hazaƙa ba ta duba aljihun uba. Masana tattalin arziki David Card da Laura Giuliano sun nuna a 2016 cewa da wata babbar gundumar makarantu a Fulorida ta koma gwada kowane yaro maimakon jiran malami ko iyaye su kawo suna, yawan 'ya'yan talakawa da aka gano suna da hazaƙa ya ƙaru matuƙa. Ki bar kujera ɗaya kyauta a kowane aji, ki sa nauyinta cikin lissafi tun farko don kada ta zama abin da za ki janye idan ciniki ya ja baya.

Ki binciki dokar rajistar wuraren koyar da yara a inda kike, ki cika ta kafin yaro ɗaya ya shigo. Babba ɗaya kada ya keɓe da yaro a rufaffen ɗaki, kuma a rubuta sunan wanda aka yarda ya ɗauki kowane yaro.

Ga abin da za ki yi a zango mai zuwa: malami ɗaya, aji biyu na yara takwas-takwas, mako goma, a ɗakin haya na awa. 'Yarki ta shiga, amma ki biya mata kamar kowa don littafin lissafinki ya faɗa miki gaskiya. Idan zango ya ƙare ki rubuto mini yara nawa cikin goma sha shidan suka sake rajista ba tare da kin kira iyayensu ba, da nawa ne sababbin da tsofaffin iyaye suka kawo. Da waɗannan alƙaluma biyu za mu zauna mu duba ko lokacin kama wuri ya yi.